Gangaren Défalé

Komah, Sokodé
3 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Salifu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan damina ta same ku lafiya, kai da 'yarka Hadijatu da yaranta. Wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane mai rubutu. Ni ce Zalia, 'yar Ummusalma, jikar Amariya yayar mahaifiyarka. Sau biyu kawai muka taɓa haɗuwa, na biyun ranar aurena da Nourou, da ka zo daga Dapaong ka shaida wa dangi cewa ɗan unguwarku ne, ka san halinsa.

Na nemi lambar wayarka, aka ce kunne ya ƙi, ba ka jin waya. Shi ya sa na ba Huseini, direban da ke jigila tsakanin tashar motarmu, wato gar, da taku, wannan takarda.

Ni lafiya lau, lakwal ta yi hutu, an rufe makarantu, ina gida. Nourou ne dai babu daɗi. Wata huɗu ke nan da ya faɗi a kasuwar Kambolé, yana tsaye ana auna masa masara. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Hannu da ƙafa ba sa motsi, magana ba ta fita sai “to” da “a'a”. Yawanci bango yake juya wa fuska.

Sau uku a mako nake kai shi asibiti ana motsa masa gaɓoɓi. Da a taksi muke zuwa. Rannan fitsari ya kufce masa a hanya, direba ya yi ta mita har muka sauka. Tun daga ranar ya ƙi shiga motar kowa. Sai na koyi tuƙi, na samu permi, takardar izinin tuƙi, na ɗauki motarsa, irin mai canza giya da kanta.

Ga abin da ya sa na rubuto. A cikin gari motar ba ta natsuwa. Sai ta ja, ta saki, ta sake fizga, musamman wajen babbar kasuwa inda zemijan, masu baburan haya, ke yanko gabana. Duk fizga ɗaya wuyan Nourou sai ya karye gefe, in ga ya runtse ido. Muntasir ƙaninsa ya ce na kashe giyar wansa, mota ba ta mace ba ce, in ba shi makulli ya ajiye. In ya karɓa, Kawu, da me zan kai mijina asibiti?

A jikin sandar giya an rubuta P, R, N, D, 2, L. Wanda ya koya mini cewa ya yi D gaba, R baya, P tsayawa, sauran ba ruwana. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a gefen sandar. Na taɓa shi bisa kuskure, wata wuta ruwan ɗorawa ta kama a gabana, na tsorata na mayar da shi. An ce ka yi shekara talatin kana tuƙi. Ka faɗa mini gaskiya, ni na lalata ta?

'Yarka,
Zalia

*

Zongo, Dapaong
8 ga Yuli

'Yata Zalia,

Wa alaikumus salam. Ban yi wani tunani ba. Amariya ta goye ni a bayanta, yaya zan manta jikarta? Muna lafiya, sai gwiwa da ke ba ni labarin ruwa kafin ya sauko. Kunne kuwa shekara goma sha huɗu ke nan duniya ta yi mini shiru. Hadijatu tana gidan mijinta, ran Juma'a take leƙo ni. Ta ce in faɗa mata ta buga miki waya, na ce a'a. Maganar mota ba a aika ta ta bakin wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Allah ya ba Nourou lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Motar lafiyarta ƙalau. Kafin in koma kamyo, babbar motar kaya, na yi shekara huɗu ina tuƙa wani likita a irinta, na san halinta. A cikin D ɗin nan giya huɗu ce a ɓoye. Ta huɗun ta doguwar hanya ce, ba ta son tsaye-tsaye. Ke kina cikin gari, kin ɗan samu fili, mota ta hau ta huɗu. Zemijan ya yanko, kin taka birki, ta sauko. Kin taka totur, ta sake hawa. Hawa da saukan nan ne kike ji kamar fizga.

Maɓallin da ya tsorata ki shi ne maganin. In za ki shiga gari ki danna shi, wutar ta kama, ki bar ta a kunne. Ba ƙarar lalacewa take kawo miki ba, shaida ce cewa kin kulle ta huɗun. Sai motar ta zauna a ukun farko, ta daina ruɗewa. Totur kuma ki taka shi kamar kina taka ƙafar mai barci. In an tsaya a cunkoso ki bar ta a D, ƙafa kan birki. 2 da L ki ƙyale su tukuna, ranarsu daban.

Ki ce wa Muntasir in ji Salifu, wanda bai iya hawa doki ba ba ya raba linzami.

Yanzu wata magana. Kin san katanga ɗaya ta raba ni da surukarki, Inna Sayyada. Tun bayan babbar Sallah take kwance, ƙafafu sun kumbura, abinci sai an matsa. An ce mata ɗanta ciwon ƙafa yake yi. Ba na jin abin da take faɗa, amma sunan Nourou na iya karanta shi a leɓe, kuma kullum na shiga shi nake gani. Ɗa ko a kan gado yake, uwa tana da hakkin ganinsa.

Kawunki,
Salifu

*

Komah, Sokodé
15 ga Yuli

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Nourou yana nan yadda yake, sai dai yana cin abinci fiye da da.

Na yi yadda ka ce. Na danna maɓallin, wuta ta kama, muka je asibiti muka dawo ko sau ɗaya ba ta fizga ba. Na faɗa wa Muntasir saƙonka, na dai cire maganar doki. Bai ƙara zancen makulli ba.

Amma layin ƙarshe na takardarka ya tsaya mini a rai. Ka ce uwa tana da hakkin ganin ɗanta. Kana nufin ni na hana? Wallahi ba ni na ce a ɓoye wa Inna ba. 'Yan'uwansa ne suka zauna suka yanke, suka ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, ni ko shawara ba a yi da ni ba. Ni ce mai wanke shi, ni ce mai juya shi, yanzu kuma ni ce mai raba uwa da ɗa? Kwana biyu ina ɗauko takardar ina ajiyewa.

A rana ta uku na karanta masa. Da na zo sunan Inna sai ya juyo daga bango, ya bugi katifa da hannun hagu, ya ce “Je. Je.” Wata huɗu ban ji sabuwar kalma a bakinsa ba sai wannan.

Muntasir ya kawo wani direba daga gar don ya kai mu. Da Nourou ya ga mutumin ya zauna a kujerarsa, sai ya riƙe ƙofar mota ya ƙi a shigar da shi, hawaye na zuba. Na san dalili. Tafiyar nan sai an tsaya an gyara shi sau biyu ko uku, ba ya so baƙo ya gani. Muntasir kuwa babur kawai ya iya, shago kuma ba mai tsare masa.

Saboda haka ni zan kawo shi. Na yanke, ba shawarar zuwa nake nema ba. Iyakar tafiyata a babbar hanya Aouda ce. Jiya na gwada zuwa can da wutar nan a kunne, inji ya yi ta kuka kamar ana yanka shi, mai kuma ya zube. Ke nan akwai abin da ban sani ba. Ka koya mini hanya, Kawu, tun daga nan har ƙofar gidanku.

Zalia

*

Zongo, Dapaong
20 ga Yuli

'Yata,

Gaisuwa, da fatan mai jiki yana samun sauƙi. Ki yafe mini. Ban nufe ki da layin nan ba ko kaɗan. Da 'yan'uwansa nake, na san su suka ɓoye. Tsufa ne, alƙalami ya fi hankalina sauri.

Da so samu ne da na hana ki. Kusan kilomita ɗari uku ne, ga duwatsu biyu, ga manyan kamyo masu zuwa iyakar ƙasa. Amma jiya jikin Inna ya tashi, har aka kira liman. Yau ta farfaɗo ta sha kunu. Ban san kwana nawa suka rage ba, kuma ba zan ɗauki nauyin cewa ki jira ba. To, ki karanta da kyau.

Kukan da inji ya yi miki a hanyar Aouda, ke kika jawo. Kin kulle ta huɗu a inda ake buƙatarta. A gari wuta a kunne, a babbar hanya wuta a kashe. Da kin wuce gidajen ƙarshe na Sokodé ki danna maɓallin wutar ta mutu, ki bar sanda a D. Za ki ji inji ya kwantar da murya. Kada ki wuce tamanin ko hanya ta yi miki murmushi. In kin shiga Kara ki kunna wutar, gari ne mai cunkoso, in kin fita ki kashe.

In za ki wuce kamyo, kada ki leƙa sai kin ga hanya har ƙarshen ido. Kin gani, ki taka totur da gaske, motar za ta nemo ƙarfinta da kanta. Kin yi shakka, ki zauna bayansa. Wanda ya bi kamyo a baya ya isa gida.

A hawan dutse in kin ji tana ruɗewa irin na cikin gari, ki kunna wutar har ki kai sama.

Ki tashi da an sallame asuba. Takardun mota da katinku su zauna kusa, bayan Mango akwai shingen sojoji. Waya kuma ki kashe ta gaba ɗaya, ki jefa cikin jaka. Na ga abin da ƙarar waya ta yi wa direbobin da suka fi ki daɗewa.

Sai babbar magana, gangara. Akwai ta Bafilo, akwai ta Défalé wadda ta fi tsawo, ko da sabuwar hanyar da aka yanka. Tun kina sama, kafin mota ta ɗauki gudu, ki sauke giya. Kada ki yi wasa da wannan.

Huseini yana tsaye a kaina yana nuna mini agogo, fasinja sun cika. Ki rubuto mini abin da kika fahimta kafin ki taso.

Salifu

*

Komah, Sokodé
Laraba, 24 ga Yuli

Kawu,

Gaisuwa a gurguje. Na yafe, ni ma ka yafe mini zafin kai. Muna lafiya.

Na kwafe bayaninka a ƙaramar takarda na manna kusa da sitiyari. Gari, wuta a kunne. Babbar hanya, wuta a kashe. Tamanin. Waya a jaka. A gangara in sauke giya, wato in cire ta, in mayar da sanda kan N tun daga sama, mota ta gangara da kanta ina riƙe da birki. Da farko ban gane ba, sai na tambayi Muntasir. Ya ce haka ne, shi ne abin da direbobi ke kira firi, shi ma yana yi a babur, har mai yake ragewa.

An duba taya da ruwa da baƙin mai. Na daka wa Inna dakuwar da take so. Nourou ya nuna mini da hannu in ɗauko masa farar rigarsa ta Juma'a.

Ran Asabar za mu taso in Allah ya yarda. Ka ce wa Inna ɗanta yana hanya.

Zalia

*

Dapaong
Asabar, ƙarfe tara na safe

Zalia,

KADA KI SA N. KADA KI SA N A GANGARA.

In takardar nan ta same ki kafin Défalé, ki tsaya inda kike ki karanta.

Yanzun nan taki ta Laraba ta shigo hannuna. Motar Huseini ta lalace a Mango, ya kwana biyu can da takardar a aljihu. Sauke giya da na ce, nufina ki sauko da ita ƙasa, daga D zuwa 2. Ki rage gudu da birki tun a sama, ki kunna wutar, ki ja sanda zuwa 2, inji ya riƙe motar. Zai yi kuka, ki bar shi ya yi, aikinsa ke nan. A kan N inji ya saki hannu, nauyin mota duka yana kan birki. Birki in ya daɗe a take zafi yake yi, in ya yi zafi sai ki taka ki ji kamar kin taka tuwo. Daga nan babu mai tsayar da ke.

Na je gidan Hadijatu da sandata, ban san gwiwa tana da wannan saurin ba. Ta buga wayarki sau goma sha ɗaya, a kashe. Ni na ce ki kashe. Ta buga wa Muntasir, ya ce kun tashi tun ƙarfe shida.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa dangi ba. Kowa ya san kamyona ya faɗi a Défalé, kunnena ya tafi. An ce birki ne ya tsinke, na bar shi a haka. Ni na sa shi firi, Zalia. Shekara talatin ina tuƙi, na san haramun ne, na yi don in rage mai. Akwai wani mai fataucin albasa da na rage wa hanya, yana zaune gefena yana ba ni labarin 'yarsa da ta ci jarrabawa. Bakinsa na motsi shi ne abu na ƙarshe da na ji sautinsa a duniya. A nan ya cika. Ni da ya kamata in rubuta miki wannan layi da manyan baƙaƙe, sai na rubuta shi a kalma uku saboda ana nuna mini agogo.

Huseini ya ari babur, zai bi hanya yana duba kowace mota, ya san taku. Amma na san hanyar nan kamar tafin hannuna. In kun tsaya a Kara, goma da rabi kina kan dutsen. Shi ko tashi zai yi ba zai kai ba kafin sha biyu.

Ban shiga wajen Inna ba yau. Ta sa an share ɗaki, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Ba zan iya kallonta ba.

Ya Allah, ka sa wani abu ya tsayar da ke a hanya, ko taya ce ta fashe.

Salifu

*

Kanté
Asabar, bayan la'asar

Kawu,

Muna raye, mu biyun. Na fara da wannan don ka zauna kafin ka karanta sauran. Na kunna waya na faɗa wa Hadijatu, amma na ce kada ta ba ka labari da hannu, ni zan rubuta.

Huseini ya same mu ƙarfe ɗaya a gindin dutsen. Na karanta takardarka a tsaye a bakin hanya.

Tun a Bafilo na sa N. Motar ta gangara shiru, har na ji daɗi. A ƙasa na ji wani wari kamar an ƙona roba, na ɗauka na kamyon gabana ne. Nourou yana ta cewa “a'a, a'a”, yana nuna sandar. Na zaci fitsari ne ya matsa masa, na ce ya yi haƙuri mu kai Kara. A Kara na gyara shi, na ba shi shayi, ya ƙi sha. Yana kallona, yana kallon sandar, bakinsa na rawa. Na ce, “Malam, na san abin da nake yi, Kawu ne ya koya mini.”

A saman Défalé na sake mayar da ita N. Kwana ta farko lafiya, ta biyu lafiya, ƙafata na kan birki ban ɗaga ba. Warin ya dawo, wannan karon babu kamyo a gabana. Sai na ji birkin yana nutsewa. Na taka har ƙasa, motar ba ta ko kula ba. Na ga allurar gudu ta wuce saba'in. A gaba akwai kwana, bayan kwanar na hango bayan wata tanka tana rarrafe. Na fara salati da ƙarfi. Ban tuna da sanda ba, ban tuna da komai ba, sitiyari kawai na ƙanƙame.

Sai na ji hannu ya bugi cinyata ya wuce. Nourou ne. Ya jefo jikinsa gefena, bel ya shaƙe masa wuya, ya kama sandar da hannun hagu ya ja ta zuwa D. Motar ta yi wata girgiza. Ya lalubi maɓallin ya danna, inji ya ɗaga murya. Yana ta kokawa da sandar, ta ƙi wucewa, sai da ya matse kanta da yatsunsa duka ta faɗa 2. Kawu, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, na ce inji ya fashe. Amma na ji kamar an kama motar ta baya. Allura ta fara sauka. Ya buga gwiwata ya ce, “Saki. Taka. Saki. Taka.” Na yi ta yi, birkin ya ɗan dawo. Muka sha kwanar tayarmu na kan tsakuwa, na ga rubutun bayan tankar har zan iya karanta shi. Inda hanya ta ɗan kwanta na saka ta cikin ciyawa, ya ja birkin hannu, muka tsaya.

Hayaƙi na fita daga tayoyin gaba. Na fita na durƙusa na yi amai. Da na dawo na same shi ya zame, kansa a kan sandar giya, farar rigar ta jiƙe. Na ɗago shi ina kuka ina ba shi haƙuri. Sai na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya yake yi, Kawu, da rabin bakinsa.

Ba zan ɓoye maka ba, da na karanta takardarka na ji haushinka. Kalma ɗaya ta rage ka ƙara. Sai na kai kan maganar mai albasa, na zauna a kan dutse na daɗe.

Wani makanike a nan ya canza man birki da takalmansa, ya ce giya ba ta yi komai ba. Wata Hajiya a zongo ta ba mu ɗaki. Huseini ya ce gobe zai tuƙa mu. Na kalli Nourou, ya ce “a'a”, ya nuna ni. Don haka Huseini zai koma yau da babur ya kawo maka wannan takarda. An ce daga nan hanya shimfiɗe take. Ka ce wa Inna mota ce ta ɗan ba mu matsala, gobe kafin azahar.

Zalia

*

Komah, Sokodé
12 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Hadijatu ta bugo ranar Alhamis ta faɗa mana rasuwar Inna. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. An ce kai ka tsaya a kan komai har aka kai ta. Allah ya saka.

Nourou ya yi kuka, amma bai koma bango ba. Kwana shidan da ya yi a ɗakinta sun riƙe shi. Ka tuna da muka shigar da shi, ta dube shi tun daga kai har ƙafa ta ce, “Wannan ne ciwon ƙafar? Ni kuka mayar yarinya?” Ba ka ji ba, amma ka ga yadda ta jawo kansa ta ɗora a ƙirjinta.

Ina da ƙorafi. Kwana shida muna katanga ɗaya da kai, sau biyu ka shigo, kuma ko sau ɗaya ba ka haɗa ido da ni ba. Ranar da za mu taso aka ce ka tafi masallaci tun da hantsi. Na san abin da ke damunka. Kai ka taƙaita, ni kuma na tambayi mai babur maimakon in jira amsarka, mijina yana nuna mini da hannu na ƙi dubawa. In za a raba laifin nan kowa zai samu rabonsa. Maganar mai albasa tana wurina, ba wanda zai ji. Amma in 'yarsa tana nan, ina ganin ka neme ta. Ka fi ni sanin abin da za ka ce mata.

A dawowa ni na tuƙo. A kan dutsen Aledjo, na wajen Bafilo, na tsaya tun a sama, na yi bismilla, na rage gudu, na ja ta zuwa 2 da hannuna. Inji ya yi ta kukansa har ƙasa, birki ko ɗumi bai yi ba. Muntasir ya zo tarye, ya buɗe mini ƙofa.

Yanzu likita ya sa Nourou yana koyon riƙe alƙalami da hagu. Tun ɗazu yake jan gefen takardar nan, ya ce in bar masa wuri. Ya ɗauki kusan rabin awa a kan abin da ke ƙasa, ya hana ni taimaka masa. Ka yi haƙuri da karkacewar.

'Yarka,
Zalia

Kawu, ta iya mota. Ka zo Sokodé. Ita za ta ɗauko ka.
Nourou